Amaryar Baba

Bayan rasuwar matarsa, Baba ya ƙi barin gidansa. Yaya, babban ɗansa, ya gyara masa ɗaki mai banɗaki a ciki, ya ce a'a. 'Yarsa Auta ta ce to ya dawo wajenta, ya ce shi da girmansa ba zai zauna gidan suruki ana jin tarinsa ta bango ba. Tela ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan keken ɗinki har idonsa ya daina ganin kafar allura, sannan ya bar shagon, ya dawo da keken gida ya ajiye a falo jikin taga. Riga ko wace iri ce zai yanka maka ita da kallo ɗaya, amma ko ƙwai bai iya dafawa ba. Ranar da ya gwada ɗumama miya a kan gas, ya fita hira ƙofar gida ya manta, maƙwabta ne suka hango hayaƙi ta tagar kicin.

A makon nan Auta ta sayo masa maikirowef, na'urar ɗumama abinci. Ita malamar fiziks ce a makarantar sakandare, tana da miji da 'ya'ya biyu da furfura jefi-jefi, amma har yau in ta buɗe baki a taron gida sai a yi murmushi a ce, "Auta ke nan." Ta ɗora na'urar a kan kantar kicin, ta manna jan salatif a jikin maɓallin da zai riƙa dannawa, ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya sa cokali ko kwanon ƙarfe a ciki. Duk ƙarshen mako takan dafa masa shinkafa da miya da dankali, ta zuba a kwanonin tangaran masu murfi, ta jera masa a firij.

Baba ya so na'urar nan. Amarya yake ce mata.

"Wannan amaryar da kika yi mini," in ji shi, "ba ta fushi, ba ta zuwa unguwa, in ta gama kuma ita ke kira na."

Ko shayinsa ne ya ɗan huce sai ya mayar mata. Shi a wajensa shayin da bai ƙona harshe ba ruwan wanka ne.

Haka aka yi shekaru. Wata Asabar Auta ta buɗe firij ta ga an cinye miya an bar naman duka a ƙasan kwano.

"Baba, naman bai dahu ba ne?"

"Ya dahu. Tsaya mini yake a nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Tsufa ne. Hanyar ce ta tsuke."

Bayan nama sai burodi ya fara tsayawa, sai shinkafa. Wandonsa ya yi masa yawa, ya zauna da kansa ya rage ƙugun a kan keke, da lalube. Da ƙyar suka lallaɓa shi zuwa asibiti. Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Likitar da ta kira su, wata mace ce mai sanyin murya, idanunta duk gajiya. Ta ce ciwon daji ne a bututun da abinci ke bi zuwa ciki. Ta ce inda yake zaune aiki ba zai yiwu ba, amma in aka yi masa gashi tare da magani, ƙarin zai motse, hanya ta buɗe, kuma ta ga mutanen da suka daɗe bayan haka suna cin abincinsu.

"Da me ake gashin?" Yaya ya tambaya.

"Da radiyeshan. Akwai na'urar a nan ƙasa."

Yaya ya miƙe, ya riga su fita zuwa mota.

Kwana biyu bayan haka Auta ta zo gidan Baba da yamma, ta tarar da maikirowef a tsakar gida ƙarƙashin igiyar shanya, an naɗe wayarta a jikinta an rufa mata tsohon buhu. A falo Yaya na zaune a hannun kujera, Gwaggo, yayar Baba, ta miƙe ƙafa a kan darduma. Baba yana kujerarsa jikin keke, ya juya fuska wajen taga.

"Wa ya fitar da ita?" Auta ta tambaya, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Zauna ki kalli wannan tukuna," Yaya ya ce, ya miƙo mata wayarsa.

Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, yana magana da sauri yana kaɗa yatsa. Wai maikirowef tana cika abinci da radiyeshan, tana juya shi ya koma guba, wai duk wanda ya daɗe yana ci ciwon daji na jiransa. Aka nuno tsiro biyu a cikin tukwane, ɗaya kore shar, ɗaya a bushe.

"Yaya, wannan ƙarya yake."

"Likita ne fa."

"Riga ya sa. Ni ma akwai irinta rataye a ɗakin gwajinmu."

"To ke faɗa mini. Radiyeshan ne a ciki ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, amma kalmar ce ɗaya, abin ba ɗaya ba ne. Hasken fitilar nan radiyeshan ne. Ɗumin da ake ji in an matsa kusa da garwashi radiyeshan ne. Abin da wayarka ke kamawa ka ji muryar mutum, shi ma haka."

"Ai wayar ma an ce tana da illa," Gwaggo ta ce.

Auta ta juya wajenta, ta sassauta murya. Ta ce duk abinci akwai ruwa a jikinsa, ruwan kuma ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani. Na'urar tana aika wata igiya marar ganuwa, 'yar uwar ta rediyo, wadda ke sa ƙwayoyin nan su yi ta juyawa dama da hagu da matuƙar sauri suna bugun maƙwabtansu. Wannan motsin shi ne zafi. Zafi iri ɗaya da na murhu. Da an kashe, igiyar ta tafi, kamar yadda haske ke tafiya in an kashe fitila. Ba abin da ke saura a cikin shinkafa.

Gwaggo ta saurare ta har ta kai aya, sannan ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ni dai, 'yar nan, ban yi boko ba. Abin da na sani, abinci ya tafasa ba wuta, ba hayaƙi, ba ko garwashi ɗaya. Wannan ba lafiya ba. Shekara nawa ƙanena yana cin abincin da ba a san abin da ya dafa shi ba? Kuma ina ciwon ya fito? Ba a ƙafa ba, ba a ido ba. A hanyar abinci."

"Gwaggo, mutanen da ba su taɓa ganin na'urar nan ba ma suna wannan ciwon."

"Ke da bakinki kika ce radiyeshan ne," Yaya ya ce.

"Na ce, amma..."

"To shi ke nan. Abin da ya kawo ciwo, shi kuma za a kwantar da shi a ƙara masa? Wane irin magani ne wannan?" Ya karɓi wayarsa ya sa aljihu. Idanunsa sun yi ja, Auta ta ga alamar bai yi barci ba. "Ba na ce laifinki ba ne, Auta. Da kyakkyawar niyya kika saya. Ba wanda ya ce laifinki ne."

Da ma zaginta ya yi, da ta san abin da za ta ce. Ta dubi Baba, tana jira ya sa baki. Bai juyo ba. Can ya yi gyaran murya.

"Ba zan yi gashin nan ba," ya ce. "A bar maganar."

Daga ranar Gwaggo ta tare a gidan. Ita ke dafa masa abinci mai ruwa-ruwa a kan wuta, tana tacewa da rariya. Yaya ya riƙa kawo kwalabe da gwangwanaye daga wani mai sayar da magunguna da abokinsa na kasuwa ya haɗa shi da shi, aka jera su a kan murfin keken ɗinki. Ruwan sama ya bugi maikirowef sau biyu a tsakar gida, daga baya Gwaggo ta ba wa mai sayen tsofaffin ƙarafa.

Auta ba ta haƙura ba. Ta tura wa Yaya bayanai a waya, ya buɗe bai amsa ba. Ta je shagonsa, inda yake sayar da kayan gyaran mota, ta tsaya tsakanin akwatunan birki da fitilu tana zana masa igiyoyi a bayan kwali, masu faɗi da masu tsukakken zango. Ta nuna masa dalilin ragar da ke jikin ƙofar na'urar, cewa ramukanta sun yi wa igiyar ƙanƙanta, ba ta iya fita. Ya kalli zanen da ladabi, sai mai ciniki ya shigo, ya ce mata yana zuwa. Mijinta ya ce ta bi a hankali kada zumunci ya lalace. Ta ce zumuncin ne zai haɗiye wa Baba abinci?

Wata rana da aka tashi daga makaranta ta sami Baba shi kaɗai, Gwaggo ta fita sayen madara. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ta jawo aljihun keken ɗinki, ta ciro dunƙulen auduga da allura ɗaya, ta shimfiɗa ƙyalle a kan cinyarsa.

"Baba, riƙe mini nan."

Ya riƙe bakin ƙyallen, ita ta riƙe ɗaya ɓangaren. Ta jefa audugar a kai. Ta sake jefawa da ƙarfi.

"In na kawo buhu guda na auduga na yi ta jifa, zai huda?"

"Ba zai huda ba."

"To irin na maikirowef ke nan. Komai yawansa, ɗumi kawai yake kawowa, ba shi da kaifin da zai tsinka wani abu a cikin ƙwayar jikin mutum. Hasken fitila ma ya fi shi kaifi." Ta ɗauki allurar ta soka, ta ɓulla ta ƙasa. "Na asibiti kuma wannan ne. Shi yana hudawa. Shi ya sa ake auna shi, a saita shi daidai kan ciwon, don ya lalata shi."

Baba ya karɓi allurar, ya murza ta tsakanin yatsunsa.

"Kin iya koyarwa," ya ce. "Uwarki ta ce za ki iya."

"To ka gane?"

"Tun ranar na gane. Ni ban taɓa zargin amarya ba. Me ta yi mini ban da alheri?"

Auta ta saki ƙyallen.

"To me ya sa ka yi shiru? Ka bar su suna kallona kamar ni na..."

"Yayanki yana neman abin da zai ji haushi ne. In bai samu ba zai fashe. Na ga ya sami akwati, na ce a bar masa."

"Ba haushin akwatin yake ji ba, Baba, nawa yake ji."

Ya soke allurar a jikin audugar, ya ajiye a kan keke.

"Kin tuna hannun uwarku a asibitin nan? Ba inda ba a huda ba. Da suka rasa jijiya suka koma ƙafa. Kullum sai ta ce mini, Tela, kai ni gida. Ni kuma in ce mata likita ya ce gobe. Ba ta sake ganin ɗakinta ba. Ni ina so in ga nawa."

"Wannan ba kwanciya ake ba. Kullum za mu je mu dawo. Kwanciyar 'yan mintuna ce, ba ka ma jin komai lokacin da ake yi."

"Haka aka ce mana wancan karon. Gwaji ne kawai, ku je ku dawo."

"Baba, don Allah."

"Bari dai mu gani."

Ta san wannan kalmar tun tana yarinya. Ita yake faɗa wa wanda ya kawo ɗinki in ba zai yi masa ba.

A makaranta, darasin zangon ya kawo su kan igiyoyin haske. Ta ja dogon layi a allo, rediyo a wannan ƙarshen, hoton ƙashi a wancan, ta yi alama a inda kaifi ke farawa, can bayan hasken da ido ke gani. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce mamarta ta ce maikirowef na kawo ciwon daji. Auta ta ba ta amsa. Ɗalibar ta gyaɗa kai ta rubuta, ajin duka suka rubuta, aka wuce. Auta ta tsaya riƙe da alli tana kallon kawunansu a sunkuye. Nan ba wanda ya yi mata musu, kuma ba wanda amsar za ta ceta.

A ɗakin malamai, tana kallon wani abokin aikinta yana hura shayinsa, wani abu ya faɗo mata. Ta taɓa karanta cewa yawan shan abu mai tsananin zafi na iya yi wa hanyar abinci illa. Ta tuna Baba tsaye a kicin yana mayar da kofi cikin na'ura, sau biyu, sau uku kafin ya shanye. Da can, in shayi ya huce, haƙura yake ya sha haka, don ba zai tashi mahaifiyarsu ta sake hura wuta ba. Ta nemi izini ta tafi asibiti, ta zauna a benci har likitar ta sallami marasa lafiyarta.

"Akwai binciken da ya nuna hakan na iya ƙara haɗari," likitar ta ce. "Zafin ne, ba abin da aka ɗumama da shi ba. Tun yaushe yake shan shayi haka?"

"Tun kafin a haife ni."

"Ya sha taba?"

"Ya sha. Ya daina ina firamare."

"To kin gani. Shekaru, taba, zafi, ko kuma babu ko ɗaya cikinsu. Ba wanda zai iya nuna miki ya ce ga shi. Ni ma da zan iya da na faɗa wa mutane da yawa, su samu su yi barci." Ta cire tabaranta ta murza ido. "Malama, ki bar neman abin da ya kawo shi. Ciwon ba ya jira. Ki kawo mini shi."

"Ya ƙi."

"Ba zan iya ɗaure shi ba. Ke ma ba za ki iya ba."

Auta ba ta faɗa wa kowa maganar shayin ba. Ta san in ta faɗa, rabin farko kawai za a ji.

Watanni suka shige. Abin da Gwaggo ke tacewa ya riƙa ƙara ruwa, har ya zama madara zalla, har madarar ma ta fara dawowa. Aka ajiye masa ƙaramin bokiti kusa da kujera don yawun da ba ya iya haɗiyewa. Ya daina fita ƙofar gida, don ba ya son abokan hirarsa su gan shi da bokiti.

Wata rana da tsakar rana, tana cikin aji, wayarta ta yi ta rawa a jaka. Yaya ne. Bai taɓa kiranta a lokacin aiki ba.

"Ki zo," ya ce. "Ruwa ma ya ƙi wucewa."

Ta tarar da Baba a zaune, gaban rigarsa a jiƙe, yana numfashi sama-sama. Ya gwada kurɓar ruwa ya sarƙe, Yaya ya ce har fuskarsa ta canza launi. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, ta rasa inda za ta ajiye shi. Yaya ya ja Auta gefe, kusa da kicin.

"In aka yi gashin, zai iya haɗiya?"

"Likita ta ce yana buɗe hanya."

"Ba likita nake tambaya ba. Ke nake tambaya."

"Ban sani ba, Yaya. Da can na fi sani. Yanzu an daɗe."

Ya dafa bango da hannu ɗaya. Daga falo suka ji muryar Baba, a shaƙe.

"Ku kai ni. Yunwa na iya da ita. Ƙishirwar ce ta fi ƙarfina."

Aka kwantar da shi kwana kaɗan, aka ƙara masa ruwa, aka huda cikinsa aka sa bututun da za a riƙa zuba masa abinci ta nan. Ya miƙa hannunsa lokacin da ake neman jijiya, Auta ce ta fita waje. Aka sauka da shi ɗakin ƙasa, aka ɗauki hotuna, aka yi masa ƙananan alamomi a ƙirji, aka ce kada a goge. Aka ba su ranar farawa.

Ranar da sassafe suka zo su uku. Benci cike da mutane, wasu da ƙunshin kayansu, alamar daga nesa suka taho. Ƙofar ɗakin gashin mai kauri a buɗe take, fitilar cikin a kashe. Wani ma'aikaci ya fito ya ce a yi haƙuri, na'ura ta tsaya tun jiya da yamma. Wani sashe ne ya ƙone a cikinta, an rubuta a aiko da shi daga waje.

"Yaushe zai zo?" Auta ta tambaya.

"Wallahi, ban sani ba. Za mu kira ku."

Yaya ya matsa gaba. "Wane sashe ne? Ba ni lambarsa. Ni sana'ata ke nan, ba abin da ba na nemowa. Ina da mutane a tashar jirgin ruwa, ina da mutane a ko'ina."

Ma'aikacin ya dube shi, bai yi masa dariya ba. Ya shiga ya fito da hoton abin a wayarsa. Yaya ya ɗauki hoton, ya fita harabar asibiti ya yi ta kiran waya yana kai da kawowa a rana, yana karanta lambar harafi-harafi. Auta na hango shi ta taga. Da ya dawo rigarsa ta manne a bayansa.

"Kamfanin da ya ƙera ne kawai ke da shi," ya ce. "Kuma injiniyansu ne kaɗai zai sa."

Suka tambayi wani asibitin. Akwai, tafiyar yini guda, layinsu kuma ya kai watanni, ga waɗanda aka turo daga nan sun ƙaru a kai. Suka rubuta sunan Baba duk da haka, suka koma gida.

Jira ya zama aikin gidan. Auta ta koya wa Gwaggo yadda ake zuba abinci a bututu da babban sirinji, a hankali, a bi da ruwa. Gwaggo ta iya, hannunta ya ma fi na Auta natsuwa. Cikin Baba ya riƙa cika amma bakinsa a bushe, sai a ba shi ƙanƙara ya tsotsa ya tofar. In alamomin ƙirjinsa suka fara dusashewa, Auta ta kai shi a sabunta. Duk Litinin ta kira ɗakin gashi, har ma'aikacin ya san lambarta, yana ɗauka zai ce, "Malama, har yanzu." Yaya ya kwashe kwalaben da ke kan keke ya zuba a buhu ba tare da kowa ya ce masa ba. Maganar maikirowef ba wanda ya sake tayar da ita. Ba a ce Auta ta yi gaskiya ba, ba a ce ta yi ƙarya ba, ita ma ta ga ba ta da sauran bukatar a ce.

Ranar da aka kira su cewa an gyara, Yaya ne ya ɗauki Baba a hannu ya sa a mota, kamar yaro. Likitar ta ce kafin a fara sai an sake hoto, tunda an daɗe. Aka kwantar da shi a gadon na'urar hoto, tari ya turnuƙe shi, aka tayar da shi, aka sake gwadawa. Da ƙyar aka samu.

Likitar ta kira Yaya da Auta ofis, aka bar Baba a keken marasa lafiya tare da Gwaggo. Ta juyo musu da fuskar kwamfuta ta nuna wasu tabo a hanta, wasu a huhu. Ta ce ya bazu. Ta ce ko don a buɗe masa hanya ne kawai, sai ya iya kwanciya shiru a miƙe kullum, kuma sun ga yadda aka yi yanzu. Jikinsa ba zai ɗauka ba, wahala kawai za a ƙara masa. Za ta rubuta maganin ciwo mai ƙarfi, wanda ake zubawa ta bututun.

"Da an fara tun farko fa?" Yaya ya tambaya.

Likitar ta dube shi, ta dubi Auta.

"Ban sani ba," ta ce. "Wataƙila. Ba zan yi maka rantsuwa ba."

A baranda Yaya ya tsaya ya juya wa Auta baya. Ta tsaya kusa da shi. Ta nemi abin da za ta ce, ta duba duk abin da ta sani, ba ta sami ko ɗaya da zai yi amfani a wurin ba. Ta riƙe hannun rigarsa kawai, yadda take yi in zai tsallakar da ita titi suna yara.

Baba bai tambaye su abin da likita ta ce ba. Ya dubi fuskokinsu, ya ce, "Gida?"

"Gida, Baba," Yaya ya ce.

A hanya cunkoso ya riƙe su a wata mahaɗa. Baba na kujerar baya, kansa a kafaɗar Gwaggo. Ya ce a sauke masa gilashi. Hayaƙin motoci da hayaniyar masu talla suka shigo, ya lumshe ido yana shaƙa. Wani mutum ya ratsa ta gaban motar sanye da kwat, riƙe da jaka, yana sauri.

"Auta," Baba ya ce, muryarsa can ƙasa. "Dubi kafaɗar kwat ɗin can. Wanda ya ɗinka ta bai ji tsoron Allah ba."

Gwaggo ce ta fara dariya, sai Yaya, yana share ido da bayan hannu, motar baya na yi masa hon.

Ya yi makonni kaɗan a ɗakinsa. Maganin ya riƙe ciwon, yawanci barci yake. Auta ta riƙa zuwa kafin makaranta da bayan an tashi. Wata safiya ta zuba masa abinci, ta goge masa baki, ya buɗe ido ya ce ta tafi kada ta makara. Tana tsakiyar darasi na biyu Yaya ya kira. Ta bar jakarta a aji, ta tari mota a bakin titi, duk hanya tana ce wa direban ya yi sauri. Da ta isa, takalman maƙwabta sun cika ƙofar falo, Gwaggo ta riga ta rufe masa ido.